La'asar ɗin Nasidi Mai Mazarƙwaila

Nasidi mai mazarƙwaila abokina ne tun muna kiwon awaki a bayan garinmu, wani ɗan ƙauye a ƙasar Rogo, tsakanin Zoza da Gwangwan. Ya rasu a ranin da ya wuce, a gefen gonar rakensa. Wayarsa ce ta kira salla a lokacin da muke ɓoye wa 'yan bindiga. Mutane suna ta ba da labarin, kowa da abin da yake ƙarawa. Ni ina wurin, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda na san shi da yadda aka yi.

Sana'ar gado ce a wurinsa. Muna yara, doki ne yake juya matsar raken mahaifinsa, Nasidi yana biye da shi da tsumagiya, ni kuma ina gefe ina jiran a ba ni kumfar da aka kwashe daga kasko. Da ya girma sai ya sayar da dokin ya sayi inji. Ya kafa rumfa a bakin fadama, yana matsa, yana dafawa da tuƙar raken da ta bushe, yana zubawa a ƙananan kwanoni har ta daskare. Ranar kasuwa ya ɗaura wa babur ya nufi Rogo ko Karaye. Hannuwansa duk tabon ƙuna ne. Bai iya faɗa ba, sai tsokana. Sarkin Tsoro yake kirana, saboda wata ja'ba da ta taɓa sa ni hawa katanga muna samari.

Injin nan shi ya cinye masa kunne. A hankali abin ya zo. Da farko sai an maimaita masa magana, daga baya sai an tsaya a gabansa yana kallon baki. Shi ma muryarsa ta ƙaru, idan ya ce zai gaya maka sirri, har masu ɗiban ruwa a rijiya sai sun ji. Wannan duk bai dame shi ba. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne ranar da ya ɗago daga kan kasko ya ga rana ta yi ja, bai yi La'asar ba, alhali ladan ya kira kowa ya ji. Ya zo gidana. Ya ce mini yana tsoron a ɗauki ransa a rana irin wannan, ya je gaban Allah da warin sukari a jikinsa, ba salla. Na ce masa ai akwai ramuwa, bai ji ni ba, ko kuma ya ƙi ji.

'Yarsa Munawwara, da ke aure a Karaye, ita ta kawo magani. Ta zo masa da waya irin ta shafawa, ta saka masa manhajar lokutan salla, ta ƙure mata murya. Idan lokaci ya kusa wayar takan yi girgiza a aljihu, don mutum ya je ya yi alwala. Ba a daɗewa sai ta ɗaga kiran salla da wata murya mai zaƙi da ake ji har ƙetaren fadama. A cikin manhajar akwai Alƙur'ani cikakke, ta nuna masa. Tun daga ranar Nasidi bai ƙara ɗaukar wayar a matsayin waya ba. Ya sa aka ɗinka mata gafaka ta fata. Ba ya ajiye ta a ƙasa, ba ya shiga bayi da ita, ba ya miƙa ta da hagu. Idan zai kwanta, a kan rumbun littattafan mahaifinsa yake ɗora ta. Ina yi masa dariya ina cewa saura ya naɗa mata rawani.

Wata rana ta suɓuce masa ta bugi ƙarfen inji. Gilashin ya tsage, shafawa ta daina aiki sai a wani lungu, madannan gefe suka lotsa ciki. Ba a iya kashe ta, ba a iya rage mata murya. Amma kiran salla bai fasa ba, shi kuwa abin da yake so ke nan. Ya ce gyara sai ya gama rake.

A daidai wannan lokacin tsoro ya shigo mana. Aka fara jin labarin mutane a kan babura suna fitowa daga daji, suna tare manoma a gona. Yau a ce an ɗauke wani a ƙauyen yamma, gobe a ce an ga sawun taya a bakin rafi. Mata suka daina zuwa itace su kaɗai. Dattawa suka zauna a ƙofar masallaci aka yi shawara: duk wanda zai sauka fadama ya rufe bakin wayarsa, kuma da an ji babura a shige cikin rake a kwanta. Raken ya fi mutum tsawo, wanda ya shiga tsakiyarsa ba a ganinsa.

Na je na sami Nasidi a rumfa, na tsaya a gabansa don ya ga bakina. Na ce ya riƙa barin wayar a gida, ni zan riƙa taɓa shi idan lokaci ya yi, tunda gonata tana jikin tasa. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai, Sulle? Kai da ladan ke kira kana minshari a gindin mangwaro? In na dogara da kai, sai in haɗa Azahar da Isha'i."

Na ce masa ba wasa nake yi ba, wannan abu zai tona mu wata rana. Ya daina dariyar. Ya ce shi ma yana jin tsoronsu, ba dutse ba ne shi, amma akwai tsoron da ya fi wannan daɗewa a ƙirjinsa. Ya yi alkawarin kai ta gyara ran kasuwar Karaye. Kasuwar ta zo ta wuce, kasko yana kan wuta.

Ranar da abin ya faru, Munawwara ta zo ganin gida, ta ce ita za ta kawo wa babanta abinci fadama. Mun ci, muna zaune a rumfa, injin a kashe. Ni na fara jin ƙarar. Ba babur ɗaya ba ne, kuma ba ta hanyar gari suke zuwa ba. Na ga fuskar Munawwara ta canza. Nasidi bai ji komai ba, yana ta ba da labari da ƙarfi, sai da na toshe masa baki da tafin hannuna. Muka bar kwanonin muka shige rake, muna rarrafe, ganyen yana yankar mana fuska, har muka kai inda ya fi duhu muka kwanta rub da ciki.

Suka tsaya a rumfar. Muna jin maganarsu, muna jin suna buɗe kwanoni. Wani ya ce tuwon da ɗumi, masu shi ba su yi nisa ba. Wani ya fara dukan bakin raken da sanda yana cewa a fito, ba abin da za a yi wa kowa. Munawwara ta kama hannuna ta matse, tana karanta wani abu leɓɓanta kaɗai ke motsi. Ni kam addu'ar ma ta ɓace mini. Tururuwa suna hawa wuyana ban iya kore su ba.

Sai na ga Nasidi ya dafe aljihun ƙirjinsa. Wayar ce ta yi girgizar alwalar La'asar.

Duk mu ukun mun san abin da ke biye. Munawwara ta karɓe ta tana shafa gilashin da yatsa, tana danna gefe, ba abin da ya motsa. Na duba ƙasa, rani ne, ta bushe ƙam, ba a haƙa ta da farce. Na yi masa nuni ya ba ni in kwanta a kanta, in danne ta da cikina da ƙasa. Ya girgiza kai. Gaskiya ko na danne sai an ji, mun san muryarta. Na nuna masa da hannu ya wurga ta can nesa, ta faɗa inda ta faɗa, su bi ta. Wannan ita ce dabarar, kuma ya gane ta sarai. Ya kalle ni kamar na ce ya zagi mahaifiyarsa. Ya karɓi wayar daga hannun 'yarsa da hannu biyu, ya mayar da ita gafaka.

Ban taɓa jin Nasidi ya yi raɗa ba sai ranar. Ya kawo bakinsa kunnena.

"Ba na jifa da Alƙur'ani, Sarkin Tsoro. Riƙe mini yarinyar nan."

Na cafki rigarsa, ya zame. Ya bi ta tsakanin kunyoyin rake yana jan ciki, ya nufi gabas, wajen tsamiyar da ke iyakar gonar, nesa da hanyar gari. Munawwara ta yunƙura za ta bi shi, na danne kafaɗarta na rufe mata baki. Ta cije ni, tabon yana nan. Muna ganin tafin ƙafarsa, sai ganye ya rufe.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Na ɗauka ko wayar ta mutu, har na fara sa rai. Sai kabbara ta tashi daga can gindin tsamiya, a sarari, kamar daga hasumiya. Maganar mutanen ta tsaya. Aka tayar da babura, duk suka yi can. Na ja Munawwara muka yi yamma a guje, a sunkuye. Muna daf da fita raken muka ji harbi. Kiran bai tsaya ba. Muna gudu a cikin gonar gyaɗar da aka riga aka cire, ba abin da ya rufe mu, yana bin mu a baya har ya kai ƙarshensa.

Kafin magariba 'yan sa-kai suka raka mu muka koma. Mun same shi kwance ba rai, ya wuce tsamiyar da nisa. Alamu sun nuna da ya fita daga raken miƙewa ya yi ya ruga a fili, don su gan shi su bi. Mutumin da ciwon gwiwa ya hana shi hawa keke.

A gurguje aka yi jana'iza, rabin sahu suna waiwayen hanya, matasa biyu a kan bishiya suna dubawa. Bayan an rufe shi, wani ya tambayi liman ko da laifi da a ce ya jefar da wayar. Liman ya ce babu, rai ya fi, kuma waya ba Mus'hafi ba ce. Sannan ya ce amma Allah yana duba abin da bawa ya nufa. Na so a ce Nasidi ya ji rabin farko na maganar nan tun da wuri. Har yau wani lokaci ina jin haushinsa, sai kuma in rasa inda zan sa kaina don kewarsa.

Washegari mijin Munawwara ya zo ya tafi da ita Karaye, ta hanyar da ta fi tsawo. Tana nan lafiya, ta haihu da damina. Sauran raken ya bushe a tsaye, ba wanda ya yarda ya sauka ya sare shi, har da ni.

Allah ka san bawanka Nasidi, ka san abin da ya tsorata da shi. Ka amintar da shi, ka yalwata masa makwanci, mu kuma ka kawo mana zaman lafiya a gonakinmu.