Shafin da Auta Ta Cire

Auta 'yar ƙanena ce, Allah Ya jiƙansa da rahama. Ta daɗe tana koyarwa a firamare, kuma sai da ɗanta na fari ya fara tsirar gemu sannan ta koma jami'a neman digiri na biyu a ilimin zamantakewa. Bincikenta a kan masu jinya ne, waɗanda ke tarewa a barandar asibiti da tabarma da buta, suna jiran hukuncin Allah a kan marasa lafiyarsu. Idan ta tashi daga makaranta takan zauna tare da su, tana naɗar zancensu a waya, bayan ta yi wa kowa alkawarin ba za a san shi ne ya faɗa ba.

Wata rana bayan la'asar ta kawo mini babi na huɗu na kundin bincikenta in duba mata.

Na ce, "Auta, wace irin ruwaya ce wannan babu isnadi? Wani mutum ya ce, wata mata ta ce. A karatunmu, zancen da ba a san mai shi ba rarrauna ne."

Ta yi dariya, ta ce, "Baba, ku kuna bayyana mai magana don a gaskata shi. Mu kuwa ɓoye shi muke yi don ya iya faɗin gaskiya."

Na ci gaba da karatu har na iso wani shafi da ya girgiza ni. Wani mai gyaran agogo ne, mai ɗingishi, wanda ke jinyar mahaifinsa da ɓarin jikinsa ya shanye. Ya ce wani lokaci idan yana juya tsohon, zuciyarsa kan raya masa da ma Allah Ya karɓi abinsa kowa ya huta. Sai ya fita bayan ɗaki ya yi kuka.

Na cire tabarau, na ce, "Wannan ai shi ke gyara mini agogon bango. Sahu ɗaya muke tsayawa da yayyensa."

Fuskarta ta sauya. "Wallahi ban sa sunansa ba, Baba."

"Kin sa ƙafarsa, kin sa sana'arsa. Masu gyaran agogo nawa ke ɗingishi a garin nan?"

Da ta kai maganar wurin malamin da ke duba aikinta a jami'a, sai ya shaida mata cewa wannan shafi shi ne ƙashin bayan babin. Idan ta cire shi sai ta sake tattara hirarraki, kuma ba za ta kare kundinta tare da 'yan ajinsu ba. Ya ba ta shawarar ta sauya wa mutumin sana'a kawai. Ita kuwa ta tafi shagonsa, ta karanta masa shafin daga farko har ƙarshe.

Ya ajiye agogon da ke hannunsa, ya ce, "Malama, ko direba kika mai da ni, yayata za ta gane muryata. Na faɗa miki ne don in sauke nauyi, ba don a adana ba."

A gabansa ta goge hirar daga wayarta. 'Yan ajinsu suka gama, ita ta koma baranda da tabarmarta, sai a shekarar da ta biyo baya Allah Ya nufa ta kammala.

Sai da mutumin ya amince sannan na rubuta wannan, bisa sharaɗin in ɓoye kamanninsa: sana'ar da na ba shi a nan ba tasa ba ce, kuma ƙafarsa lafiya lau take.