Malam Shu'aibu Bai Sauya Layi Ba

Duk wanda ya taɓa ƙetare ruwa daga kwatar Yelwa zuwa Rofiya ya san Malam Shu'aibu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai usur a wuya, wanda kullum za ka tarar ƙafarsa ɗaya a ruwa ɗaya a tudu, yana faɗin jirgin wane ne ke kan layi, na wane zai bi baya. Bai taɓa mallakar jirgi ba. Mahaifinsa masunci ne, cikin mutanen da aka tasa daga tsibirai lokacin da ruwan dam ya haye gonakinsu. Shi kuwa a bakin kwata ya tashi, yana jan igiya, yana kwashe ruwa daga cikin jirage da ƙoƙo, har ƙungiyar masu jirgi ta lura ba ya son kai, ta damƙa masa layi.

Aikin ba wuya a baki. Jirgin da ya riga zuwa shi ke lodi, kowa ya sa rigar ruwa, in an cika an cika. Wahalar tana wajen 'yan bayan layi, wato masu jiragen da ba su cikin ƙungiya, masu laɓewa bayan ciyawa suna yi wa fasinja alkawarin sauri. Su ba ruwansu da riga, ba ruwansu da ƙa'ida, buhu kan buhu, mutum kan babur. Kuma tafkin nan cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye. Malam Shu'aibu ya sha tsamo mutane da hannunsa, wasu da rai, wasu babu. Shi ya sa in ya hango mace ta nufi ciyawa da kayanta, har gudu yake yi ya riƙe jakar.

"Hajiya, sauri kike? Wancan zai kai ki da sauri, amma ba Rofiya ba."

To, wannan mutum yana da ɗa, Almustapha, ɗan fari. Ka san alkunya, daga shi har matarsa Uwani ba mai kiran sunan. "Yaron nan" suke cewa, har ya yi gemu. Yaron nan ya karanci noman shinkafa, ya yi ƙoƙari, aka ba shi gurbin ƙaro ilimi a Japan, ya zauna can yana aiki a wata gonar bincike. Wata safiya ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Zuciya ce, in ji likitoci. Musulmin garin suka yi masa sutura, suka kai shi wata maƙabarta da ke gefen dutse, nesa da birni.

A kwata waya ta sami Malam Shu'aibu. Ya saurara, ya yi salati, ya mayar da wayar aljihu, ya busa usur jirgi na gaba ya matso. Sai da ya sallami jirgin ya tafi gida. Mutane suka yi ta yaba tawakkalinsa, liman har ya kawo shi misali. Shi kaɗai ya san ba tawakkali ba ne. Bai ji komai ba ne kawai. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, yana taɓawa yana jin kamar ta wani ce.

Uwani kuwa ta ƙi yarda. Ta karɓi gaisuwa, ta amsa addu'a, amma da mutane suka watse ta ce masa, "Malam, ni ban ga makara ba, ban ga an fita da kowa ba. Hoto cikin waya mi ne ne? Ka tai ka gano min kabarin da idonka. In kai ka ce ka gani, na yarda."

Abokan aikin mamacin ne suka haɗu suka yi masa takardun gayyata da kujerar jirgin sama. Wanda ya tarbe shi can Emmanuel ne, mutumin Wara, abokin Almustapha tun sakandare, yanzu magidanci da aikinsa. Shi ya sauke shi a gidansa, ya kuma miƙa masa wani ɗan kati.

"Baba, wannan na baƙi ne, ni da ke zaune nan ma ba a sayar min. Duk jirgin ƙasan da ke kan babban layi na ƙasa, in dai ka nuna shi, ka shiga. Ka je inda kake so, ka dawo, ba mai tambayarka. Amma akwai wasu layukan na kamfanoni daban, su ba ya aiki a wurinsu."

Malam Shu'aibu ya gyaɗa kai. Rabin farko ya ji, rabin ƙarshe ya bi iska.

Aka kai shi ɗakin yaron ya haɗa kaya. Aka kai shi gonar, mutane suka yi ta sunkuyar da kai gabansa, shi ma yana sunkuyar musu. Aka kai shi masallaci ya yi godiya. Duk lokacin da Emmanuel ya ce, "Baba, gobe sai maƙabarta," sai ya ce jikinsa ba daɗi, ko ya ce ana ruwa, a bari ya ɗauke.

Amma da Emmanuel ya fita aiki, sai dattijon ya saɓa babbar riga ya gangara tasha. Ya nuna kati, ya shiga duk jirgin da ya tsaya gabansa, ya zauna jikin taga. Gidaje su wuce, gonakin shinkafa su wuce, teku ya leƙo ya ɓace, a shiga ramin dutse a fito. Ba girgiza, ba warin fetur, ba mai cewa a matsa. In jirgi ya kai ƙarshe ya sauka, ya nuna wa ma'aikaci sunan tasharsu a waya, a nuna masa na komawa. Bai san sunan gari ko ɗaya ba, bai kuma nema ba. Abin da ya sani, muddin jirgin na tafiya ba wanda zai ce masa an iso.

Haka kwanaki suka ƙare, saura ranar ƙarshe, washegari zai hau jirgin sama ya koma gida. Emmanuel ya ɗauki hutu ya ce yau kam ko ana ruwan ƙanƙara. Ba su fita da wuri ba, don sai da dattijon ya kwance kayan yaron ya sake ɗaurewa. Suka hau babban layi har wata mahaɗa, suka sauka, Emmanuel ya ja shi suka tsallaka titi zuwa wata ƙaramar tasha mai fenti daban. Malam Shu'aibu ya miƙa katinsa yadda ya saba. Ma'aikacin ya duba, ya sunkuya, ya gicciye hannuwansa a ƙirji cikin ladabi.

"Mi yake cewa?"

"Ba ya aiki nan, Baba. Shi ne abin da na gaya maka. Wannan layin na wani kamfani ne. Bari in yankar maka tikiti, yanzun nan."

"Tsaya. Su wa ke da shi?"

"'Yan kasuwa ne. Nasu ne, su suka shimfiɗa abinsu."

"Wato ba su cikin ƙungiya."

Emmanuel ya yi dariya, ya ga dattijon bai yi ba, ya haɗiye. "Baba, ba irin na Yelwa ba ne. Nan kowa da rajistarsa. Wannan kai tsaye zai aje mu gindin dutsen, ya fi sauri nesa ba kusa ba."

"Haka suke cewa. Kullum sun fi sauri."

"Haba Baba! Ƙarfe ne kan ƙarfe. Ina kututture a nan? Ko rigar ruwa za mu nema?"

"Wanga kati da ka ba ni, layinsa ba ya zuwa can?"

"Yana zuwa, amma sai ya zagaye dutsen ta baya, sa'an nan mu jira mota. Mai gadin wurin tsoho ne, rana na karkatawa yake kullewa ya tafi garinsu."

"Emma, tun ba a haife ka ba nake janye mutane daga jirgin bayan layi. Yau ni zan sauka daga layi in hau shi? A ce da wa?"

"Ba wanda zai gani, Baba."

"Ni zan gani."

Emmanuel ya dube shi. Fuskar ba fushi, ba taurin kai irin na tsofaffi, ba komai. Idanun na kallon wani wuri bayan kafaɗarsa. Ya buɗe baki zai ce, Baba, tsoron isa kake yi, sai ya tuna uban abokinsa ne, kuma a Wara ba haka aka rene shi ba. Ya karɓi jakar hannun dattijon.

"To mu je, Baba. Allah ya sa mu tarar."

Suka koma babban layi. Jirgin da suka samu mai tsayawa kowace tasha ne. Ya tsaya inda ba kowa, ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya ci gaba. Emmanuel na ta kiran lambar mai gadi, tana ƙara ba a ɗauka. Malam Shu'aibu na jikin taga, hannu kan gwiwa. Sau ɗaya ya yi magana, da suka wuce wata fadama.

"Shinkafarsu gajera ce."

"Ita Almustapha yake aiki a kai," in ji Emmanuel.

Dattijon ya bi fadamar da kallo har ta ɓace.

Motar ta aje su a ƙasan gangare, suka hau da ƙafa. Ƙofar ƙarfe ce, da sarƙa da kwaɗo. Ba kowa. Ta tsakanin sandunan ana hango kaburbura jere a kan tudu, kowanne da ɗan farin allo, rubutun ba ya karantuwa daga nan. Ga itatuwa dogaye, ga wani ɗan ruwa na gangarowa ta gefe.

"Can sama yake, Baba. Ka ga itacen nan mai karkata? Bayansa kaɗan."

Malam Shu'aibu ya kafa goshi a ƙarfen ya duba. Ya ga itacen. Bayansa tudun ya lanƙwasa, ba a ganin abin da ke can.

Emmanuel ya zagaya ko akwai wata kafa, ya dawo da ƙaiƙayi a wando. Ya ce zai iya haurawa ya ɗauko hoto. Dattijon ya ce a'a, ba a shiga wa matattu ta katanga. Ya tambayi ina alƙibla, aka duba waya aka nuna masa wajen faɗuwar rana. Duk rayuwarsa rana na bayansa in yana sallar la'asar, yau ga ta cikin idonsa. Ya shimfiɗa rawaninsa kan tsakuwa ya yi salla, ya ɗaga hannu ya yi wa duk mutanen ciki addu'a a haɗe. Ya jira ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Ya ji sanyin tsakuwa a gwiwa, ya ji kukan wani tsuntsu da bai sani ba. Emmanuel ne ya juya baya yana share fuska da hannun riga.

Da ya dawo Yelwa, bayan 'yan sannu da zuwa sun ragu, ya sami Uwani a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba.

"Ka gani?"

Kalma ɗaya ce, da ya faɗe ta da an wuce wurin. Ba mai ƙaryata shi, Emmanuel ba zai taɓa buɗe baki ba. Ya zauna a bakin tabarma.

"Na ga maƙabartar. Na tarar an kulle. Nasa yana bayan wani itace, ban hango ba."

"An kulle," in ji ta. "Duk kwanakin nan?"

"Ran ƙarshe na je. Akwai hanya ta kusa, ban bi ba."

Ba ta tambaye shi dalili ba. Ta ci gaba da tsinta, tana fitar da tsakuwa tana ajewa gefe. Can ta ce, "To faɗa min abin da ka gani."

Ya faɗa mata. Ƙofar, itatuwan, fararen allunan, ruwan da ke gangarowa.

"Akwai inuwa?"

"Akwai."

Washegari ya koma kwata, yana nan har yau. Uwani kuwa har yanzu ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce ba ta yarda ba. Lokaci lokaci dai, in ya dawo da yamma ta aje masa ruwa, sai ta ce ya sake faɗa mata. Sai ya fara daga gangaren, ya hau da ita har ƙofar, ya kai ta itacen mai karkata. Nan yake tsayawa. Takan ɗan jira ko zai wuce, shi kuwa bai taɓa ƙara mata ko taku ɗaya ba.