Jakin da Ke Jikin Allonmu

Allon da muka gada wajen Baba fallen kwano ne da aka kafa a kan ƙafafun katako biyu. A jikinsa an zana jaki ɗauke da mangalar ƙasa, gefensa ɗakin soro, daga ƙasa kuma aka rubuta da ajami cewa ana gini ana yaɓe. Tun zamanin kuza aka yi shi, lokacin da Baba ke gina wa leburori ɗakuna a barikokin haƙa. Wanda bai iya karatu ba, jakin yake nema. Duk unguwarmu ta Rikkos a Jos "masu jaki" ake ce mana, har bayan Baba ya rasu.

Baba yana da al'ada guda. Duk inda aka samu aiki, kafin a sa diga a ƙasa sai an kai allon nan an kafa a bakin fili, an yi bisimilla, kuma ba a tuge shi sai an gama rufi. Na riƙe wannan al'ada kamar farilla.

Amma a ƙarshen shekarun saba'in, ina jaki a gidanmu? Kuɗin mai ya shigo, garin Jos ya cika da ƙarar tifa, kowa bulo da siminti yake so. Mu ma mun sayi injin kwaɓa kankare, muna buga bulo da kanmu. Ƙanena ya dawo daga makarantar koyon sana'a, ya iya zana gini a takarda, ya san yawan rodin da dekin, wato rufin kankare, zai ci. Aikinmu ya tashi daga ƙasa tuntuni. Allon ne kawai ya tsaya inda Baba ya bar shi.

"Yaya," in ji ƙanena wata rana, "allon nan ƙarya yake mana. Yana gaya wa mutane tubali muke yi. Mu sake shi."

"Baba ne maƙaryacin ke nan?"

"Ban ce ba. Baba ya zana abin da yake yi ne. Mu ma mu zana abin da muke yi."

Na ce masa boko ta lalata shi, wanda ya raina jakin ubansa zai raina kabarinsa. A gaban leburori na faɗa, don ya ji zafi. Gaskiyar ita ce ba Baba nake karewa ba. Ni firamare na tsaya, takardun da yake shimfiɗawa ba na gane kansu, birkiloli sun fara wuce ni suna tambayarsa. Allon nan ne kaɗai ya rage da ke nuna ni ne babba.

Shi ya samo mana aikin bene na farko. Wani ɗan kasuwa ne Ibo, mai sayar da kayan gyaran mota, yana son shaguna a ƙasa da ɗakuna a sama, a hanyar Farin Gada. Kafin ya yarda sai da ƙanena ya yi masa alkawari ba za a kafa allon a filinsa ba. Ƙanena ya gaya mini, bai ɓoye ba. Na yi shiru, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin na yarda.

Ranar da za a fara haƙa harsashi na ɗora allon a tifa da hannuna, na kai na kafa a bakin titi, inda kowa zai gani.

Masu lodin kayan gwari da ke wucewa kasuwa su suka fara. "Oga, ina jakin? Shi zai hau da kankare sama?" Wani ya riƙa yin kukan jaki duk safiya in ya zo daidai wurin. Na zage su, suka ƙara. Ƙanena kuwa ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aiki. Har yau ban ga ginshiƙai masu kyan waɗanda ya tsayar a wurin nan ba. Ya roƙe ni a gida, ya roƙe ni a fili. Na ce ba a tuge allo sai an yi rufi.

Muna shirin zuba dekin sai ga mai ginin a fusace. Wani mai sayar da magunguna da ya yi niyyar kama shagon ƙasa ya fasa, wai ba zai zauna a ƙarƙashin benen da masu ginin laka suka ɗora ba.

"Oga, cire wannan jaki," in ji shi. "Mutane yana tsoro. Suna ce gidan zai faɗo."

"Gininka ne, allona ne."

"A ƙasana kake sa shi! Ɗan'uwanka ta yi mini alkawari."

"To je ka ita ta cire maka," na ce, ina kwaikwayon Hausarsa. Leburori suka yi dariya, ni kuma na ji daɗi. Mutumin da ya damƙa mana duk abin da ya tara, shi nake mayarwa abin dariya a filinsa.

Ya je ya girgiza allon, ya tuge shi, ya kifa a ƙasa. Ban san lokacin da na shaƙe masa wuyan riga ba. Ƙanena ne ya ɓamɓare hannuna, yana cewa, "Yaya, don girman Allah." Na hankaɗe shi ya faɗa kan tulin yashi.

Aka ƙwace aikin. Wani sabon kamfani ya karɓa, masu farin allo da shuɗin rubutun Turanci da hoton dogon gini mai tagogi barkatai. Ko akurkin kaji ba su taɓa ginawa a Jos ba. Birkilolinmu suka ɗauka, a kan ginshiƙanmu suka ɗora, da zanen ƙanena suka ƙarasa. Allonsu ne a tsaye ranar da aka buɗe ginin. Har gobe in na bi ta hanyar na ji ana cewa ai kamfani kaza ne ya gina shi, sai in kau da kai in wuce. Ina jin haushinsu, ina jin haushin garin da ke duba fenti ya ƙi duba ginshiƙi. Amma ni na miƙa musu da hannuna.

Ƙanena bai yi faɗa da ni ba. Da ma ya yi. Ya naɗe takardunsa, ya gaida Inna, ya ce sabon kamfanin ya ba shi aiki zai karɓa. Injin ma bai ce a raba ba.

Da aiki ya ɗauke mini ƙafa, sai na ɗauki allon na kai wa mai fenti a wajen unguwar Abattoir. Na ce ya shafe jakin, ya zana bene, ya yi rubutun Turanci. Ya ce in sayo sabon kwano, tsohon fenti ba ya ɓuya. Na ce ya shafa kawai. Sannan na aika a kira ƙanena.

Ya zo a kan babur, da hular kwano ta sababbin iyayen gidansa a ɗaure a baya. Ya daɗe yana kallon allon.

"Ya yi kyau, Yaya," ya ce. "Wa zai karanta maka zanen in an kawo?"

"Kai mana."

Ya girgiza kai. "Na riga na yi musu alkawari. Ba zan sake saɓa wani ba."

Ya tada babur ya tafi. Allon ya ci gaba da tsayuwa a ƙofar gida, babu filin da zan kai shi. Da damina ta sauka fentin ya fara ɓarewa, kunnuwan jakin suka leƙo ta hawa na biyu. Yaran unguwa suka gani kafin ni.