Yajin Aikin Goggo Hassu

Duk wadda ta taɓa zama a shagon kitsonmu na titin Grand Concourse a nan Amurka ta san agogon Goggo Hassu. Tsohon agogon ƙararrawa ne mai kunnuwa biyu, a jakarta yake rayuwa. Ƙarfe ɗaya na yi zai kurma ihu, ita kuwa ko tsakiyar kalaba take sai ta saki, ta wanke hannu, ta buɗe kwanonta. Wata rana wata Ba'amurkiya ce a kujerarta, gefe guda an kitse, ɗaya gefen a tsaye cirko-cirko. Matar ta dubi madubi, ta dube ni, ta ce in tambayi tsohuwar ko lafiya.

"Gaya mata lanci nake," in ji Goggo. "Siti ta ce hannu ba inji ba ne. In yunwa take ji, ga cokali."

Wallahi sai da matar nan ta kai loma uku na dambu, har tana tambayar sunansa!

Goggo ƙanwar babana ce, ita ta kawo ni ƙasar nan, ita ta koya mini kitso. Kafin nan ta daɗe tana aikatau a Jidda, inda ta haɗu da Siti, 'yar Indonesiya, ɗaki ɗaya suka zauna a bayan kicin. A ƙasarsu Siti takalma take ɗinkawa a wata masana'anta. Ta tara mata suka kafa ƙungiya don a daina sa su neman izini kafin su zaga banɗaki, aka kore ta, aka rarraba sunanta a sauran masana'antu, ba wanda ya ƙara ɗaukarta. Mu dai ba mu taɓa ganinta ba, sai dai kullum "Siti ta ce". Da muka ishe ta da tsiya wai Siti aljanarta ce, ta zo mana da hoto. Yatsan mai ɗauka ya rufe fuskar ɗungurungum, kafaɗa kawai ake gani da bokiti.

"To ga ta nan! Ko bokitin ma ƙarya ne?"

Saboda Siti, Goggo ta shekara tara da takalmin kambas ɗaya. Ya buɗe baki, ƙanƙara na shiga, sai ta sa ƙafarta a leda kafin ta zura. Na saya mata sabo, ta mayar mini. "Wata baiwar Allah ce ta ƙarar da idonta a kan wannan, Balki, ni kuma in yar don ya ɗan yi murmushi?"

Mu bakwai ne a shagon, kwana bakwai muke yi a tsaye. Abin da Goggo take nema bai wuce ɗaya ba: kowa ta samu rana guda a mako ta huta. Madam Rabi mai shagon ba muguwa ba ce, amma wannan magana ba ta son jin ta.

"Yaya Hassu, Amurka ba da kwanciya aka gina ta ba. Aiki ne ke ciyar da ƙasa gaba!"

"Haka manyan su Siti suke ce musu, a yi haƙuri, ƙasa na ginuwa. Ƙasa ta ginu, benaye har sama, Siti tana goge tayil a Jidda. Ke ma shagonki ya ginu, Rabi. Dubi yatsuna."

Yatsun duk sun karkace, da safe sai ta jiƙa su a ruwan zafi kafin su riƙe mataji. Duk mun gani, duk mun kau da kai.

Goggo ta kira mu taro a ɗakinta na unguwar Parkchester. Gaskiya masa muka je ci, don ta ce da miyan taushe. Ta ce wadda ta yarda ranar Asabar a ajiye mataji ta ɗaga hannu. Muka ɗaga mu shida, kowace da masa a hannun. Zara 'yar Damagaram har tana cewa, "Dakor, mun yarda, Goggo, muna bayanki!" Goggo ta ƙirga mu sau biyu, ta ƙara mana miya.

Asabar ta zo da wani irin sanyi mai shiga ƙashi. Goggo ta tsaya a bakin shago da kwali a hannu. Da yake boko bai dame ta ba, da ajami ta rubuta buƙatarta, manya-manya. Wa zai karanta? Masu wucewa suka ɗauka addu'a ce. Wani mai sayar da hula ɗan Nijar ya tsaya ya shafa, ya ce amin. Wata tsohuwa ta miƙa mata kofin shayi, ta nuna mata hanyar gidan marasa galihu. Goggo ta sha shayin, ta ƙara ɗaga kwalin.

Mu kuwa muna ciki. Madam Rabi ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi wadda ta fita ta tafi da matajinta. Ni takarduna na zama ba su fito ba, ga yara biyu. Na koma bayan injin busar da gashi na laɓe, ina kitso ina leƙenta. Awa huɗu ta yi a tsaye. Ranar Litinin wata makitsiya ce a kujerarta.

Na je gidanta ina jiran zagi, na ma fi son ta zage ni. Na fara kame-kame, ta katse ni.

"Ke, rabu da ni. Gilashin shagon nan duk tururi ne, ban ga kowa ba. Na san kuna ta fama da Rabi a ciki."

Na yarda, don yardar ta yi mini daɗi. Shekara biyu ta ƙara a ɗakin nan, hannuwan suna ƙara lalacewa, ba ta sake tayar da zancen ba.

Ta rasu ran Juma'a da yamma, aka sa sallarta washegari da azahar. Da hantsi na biya shago in ɗebi 'yan uwa mu je wankan gawa. Kowace da kan da take kitsewa a hannu. Madam Rabi ta share hawaye ta ce, "Asabar ce, Balki. Gobe ma je gaisuwa gaba ɗaya." Na ce zan jira a waje, ko da mutum ɗaya ce.

Na tsaya a bakin shagon, sanyi irin na waccan ranar. Na ɗaga kai na dubi gilashin. Jama'a, ana ganin komai tar. Ana ganin Zara ta sunkuyar da kai, ana ganin mai leƙowa ta madubi. Bayan injin busar da gashi ma, inda na laɓe, nan ne ya fi fitowa fili. Ba wadda ta fito. Na tafi ni kaɗai ina kuka a jirgin ƙasa, kunya ta fi baƙin cikin yawa.

Allah ya jiƙan ki, Goggo. Yadda kika rufa mini asiri, Allah ya rufa miki. Ya ba ki hutun da ba mai tashin ki, ke da Siti in ta riga ki. Mu kuma ya yafe mana.