Shagon da Kawu Ya Sa wa Hannu

Tela muke ce mata a layinmu, tun tana 'yar yarinya. Ranar da mahaifinta ya rasu ya bar mata keken ɗinki da ƙanne da uwa mai ciwon ƙafa, shekarunta ba su wuce sha biyar ba. Ta riga ta iya yanka, ta iya kafa hannun riga. Abin da ya rage mata shi ne shagon da uban yake haya.

Ta je wajen mai shagon a mayar da takardar haya da sunanta. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Yarinya, doka ba ta san hannunki ba sai kin cika sha takwas. Ko kin sa, kamar ba ki sa ba. Kawo babba."

Ta kawo ƙanen mahaifiyarta. Kawu tsohon direba ne da ido ya hana shi tuƙi. Ya sa hannu da sunansa, ya ce na ɗan lokaci ne, kafin ta girma.

Daga nan duk shekara idan lokacin sabunta takarda ya zo, sai Kawu ya sako rigarsa mai kyau, ya zauna a bencin masu jiran ɗinki, ya goge tabarau.

"Ina 'yar hayata? Zo ki gaida mai shago."

"Kawu, mai shagon da bai iya zura zare a allura ba?"

"Ke dai ki yi ɗinkinki. Rubutu na manya ne."

Ta cika sha takwas. Ta yi aure, ta haihu, ta aurar da ƙannenta. Ta sa rufi sabo, ta buɗe taga inda haske ke faɗowa kan teburin yanka. Bayanta ya fara ciwo, ita ma ta koma sa tabarau. Takarda tana nan da sunan Kawu.

Na taɓa yi mata maganar, tana guga. Ta ajiye dutsen.

"Baba, in ce masa me? In ce ya gama amfani? Duk shekara wannan ranar yake jira."

Shi ma na ɗan taɓo masa zancen. Ya kalli titi, ya ce baɗi in Allah ya kai mu. Kowannensu yana jiran ɗaya ya fara.

Kawu ya rasu da damina. Lokacin mai shagon ma ya daɗe da rasuwa, ɗansa ne ke riƙe da gidajen, kuma bai san komai ba sai abin da ke rubuce. Bayan an share makoki sai ga babban ɗan Kawu, wanda ya jima yana neman wurin gyaran waya. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Yaya, ba ni na ce ba, takarda ce. Ni ma yara gare ni."

"Na sani. Ni na ɗinka musu kayan makaranta."

Ya sunkuyar da kai, amma bai tafi ba.

Mu maƙwabta uku muka je wajen ɗan mai shagon, muka ce duk layin nan shaida ne. Ya karɓe mu da mutunci, ya ba mu ruwa. Ya ce shi wanda aka yi yarjejeniya da shi ya rasu, magajinsa ya zo, kuma ba ya son rigimar dangi. Wata ta ba ta shawarar kotu. Tela ta ce ba za ta tsaya gaban alƙali da sunan Kawu a bakinta ba.

Da hantsi aka fito da keken a baro. Yanzu a barandar gidanta take ɗinki, inda haske ba ya kaiwa sai rana ta yi sama. Masu kawo yadi sun ragu, don gidan yana da nisa daga titi. Idan baƙi suka zo tsohon shagon suna tambayarta, ɗan Kawu ne ke fitowa ya kwatanta musu hanya.