Katin da Armaya'u Ya Auna da Hannu

Duk wanda ya taɓa zuwa buga katin biki ko ɗaukar hoton fasfo a Batsari ya san shagon Armaya'u, can bayan tasha, tsakanin mai faci da mai shayi. Siriri ne, ya ba arba'in baya, furfura ta fara leƙowa a gemunsa. In ka miƙa masa abu ba ya fara kallonsa. Sai ya ɗora a tafin hannu, ya ɗaga ya sauke sau biyu, sannan ya duba.

Gado ya yi. Mahaifinsa ma'auni ne a kasuwar Wagini, kuma tun Armaya'u bai kai tsawon buhu ba aka koya masa cewa waken da ƙwari suka ci ba ya da nauyi, geron da bai ƙosa ba kuwa iska ke kwashewa. Da rashin tsaro ya taso su daga ƙauye, ya ajiye mudu ya kama gyaran rediyo, daga nan waya, daga nan kwamfuta. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Tambaya ce malaminsa, har direbobin tasha na cewa in ka tsaya gaisawa da Armaya'u sai ka faɗa masa yadda giyar motarka ke shiga. Amma hannun nan bai bar awo ba, kuma bai taɓa ba shi kunya ba. Caja mai nauyi ta fi ƙarko. Batir mai nauyi ya fi riƙe wuta. Kwamfutar teburin da yake aiki da ita ma ta hannu ce, cikin guda huɗu ya zaɓe ta don ita ta fi ba shi wuyar ɗauka, ga ta nan shekara tara ba ta kwanta ba.

Wata Litinin da hantsi wani dattijon Bafulatani ya yi sallama a ƙofar shagon, ya jingine sandarsa. Daudu ne, mutumin wajen Runka, wanda ya taɓa yi wa mahaifin Armaya'u kiwon shanun noma. Suka daɗe suna gaisawa, har aka tambayi lafiyar waɗanda suka rage a ruga. Sannan Daudu ya kwance bakin rawaninsa, ya fito da memorin waya ƙarami kamar farce.

Wata goma sha huɗu ke nan da ɓarayin daji suka kore masa garke. A satin nan an ƙwato wasu shanu, an killace su kusa da gidan hakimi, ranar Asabar kwamiti zai zauna ya ba kowa nasa. Daudu ya je ya ga bakwai daga cikin nasa. Sai dai wasu mutum biyu su ma sun ce nasu ne, kuma shanun sun rame, sun firgice, ya kira su da sunayensu ko waiwaye ba su yi ba. Kwamiti ya ce a kawo shaidar da ido zai gani.

"Ƙanen matata da ke Legas ya ɗauke su da wayarsa wata Sallah, suna shan ruwa," in ji Daudu. "Suna cikin nan. Ka fiddo mani su a takarda, Kaɗo, har tsagar kunnensu."

"Baffa, ai wannan aikin minti goma ne. Zauna a kawo shayi."

Shayi ya huce, aka sake wani. Bidiyon ya ƙi. Da ya buɗe sai saniya ta ɗaga ƙafa ta daskare, allon ya koma kore, can sai komai ya rufe. Wayar Armaya'u ma ta ce ba ta san shi ba. Ya sa kwamfutar ta juya bidiyon zuwa irin wanda ta saba, ta nuna masa sai ta yi fiye da kwana, batirin solarsa kuwa ba ya kai ta ko isha'i.

Talata gaba ɗaya a bincike ta ƙare. Ya cire murfin akwatin kwamfutar, ya haska, ya kira wani abokin sana'arsa a Dutsin-ma. Daga ƙarshe ya gane cewa sababbin wayoyi na dunƙule bidiyo ta wata hanya da tsohuwar kwamfuta ba ta iya warwarewa da sauri, sai an sa mata katin hoto, wanda masu sana'ar ke ce wa girafik. Ga ma gurbinsa nan a cikin akwatin, doguwar tsaga da ya shekara tara yana share wa ƙura bai san amfaninta ba. Abin ya ba shi sha'awa har ya kusa manta damuwar.

Laraba da sassafe ya shiga motar Katsina. A shagon da aka kwatanta masa ya tarar da wata budurwa mai tabarau, Ramlat, ita ke kula da wurin. Ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Baba, akwatin naka babba ne ko siriri? Fawarsa wat nawa ce? Da wutar gari kake aiki ko sola?"

"'Yata, ke dai fito da su in gani."

Ta ɗora biyu a kan kanta. Ɗaya ɗan falle ne, bai fi tafin hannu ba, da fanka guda kamar murfin kwalba. Ɗayan kuwa na hannu ne, tsawonsa ya kai kamu biyu, fanka uku, da bututun jan ƙarfe a gefe. Kuɗinsu kusan ɗaya. Armaya'u ya ɗauki ƙaramin, ya ɗaga ya sauke, ya taɓe baki. Ya ɗauki babban, sai da ya sa hannu biyu. Fuskarsa ta washe.

"Wannan ƙaramin shi ne na aikinka," in ji Ramlat. "Wancan na masu wasan gem ne, kuma ya kwana biyu."

"Wannan ai ƙaiƙayi ne. Shanu bakwai zan fiddo, ki ba ni abin da iska za ta ɗauke?"

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, ta dubi furfurarsa, ta fasa. Ta dai rubuta lambarta a bayan rasit, ta ce in bai yi ba ya dawo da shi kafin kwana uku.

A gida matarsa Kulu ta ga yana kwance abin daga cikin tsohon zane. "Malam, injin markaɗe ka sayo mana?"

"Za ki gani."

Ta gani kuwa. Alhamis da safe katin ya ƙi shiga akwati, wutsiyarsa ta tokare da ƙarfen gaba. Armaya'u ya ɗauki akwatin zuwa wurin mai walda, aka yanke masa ƙarfen, katin ya zauna yana leƙe waje kamar ɗan akuya a cikin kwando. Sai ya lura da wasu ramuka a samansa, masu jiran wayar wuta har biyu, fawarsa kuwa, wato na'urar da ke raba wuta a cikin kwamfutar, ba ta da ko ɗaya. Ya aro babbar fawa wurin wani mai buga takardu. Ya kunna. Fankoki uku suka tashi da gurnani, inbatar solarsa ta yi ƙara uku ta ɗauke, har firijin mai shayi da ke jone da ita ya mutu.

"Armaya'u, jirgi kake son tayarwa?" mai shayi ya ƙwala daga waje.

Aka kawo janareta. Wannan karon komai ya tsaya, allon ya kawo haske fes, irin wanda bai taɓa gani ba. Daudu, da ya zo tun azahar, ya matso da kujerarsa. Armaya'u ya yi bismillah ya buɗe bidiyon. Saniya ta ɗaga ƙafa, ta daskare.

Janareta kawai ke ruri. Daudu ya miƙa hannu ya taɓa ƙafar da ta tsaya a kan allo, ya janye.

"Saura jibi, Kaɗo."

Armaya'u ya fita bayan shago da rasit a hannu. Ya fi minti biyar yana kallon lambar kafin ya kira. Bai ɓoye komai ba, har yankan ƙarfen.

"Baba, ƙarfi yana da shi," in ji Ramlat. "Amma an ƙera shi tun kafin a fito da irin wannan bidiyon, bai san shi ba. Ƙaramin sabon samfuri ne, akwai wani ɗan sashe a cikinsa da ba shi da aiki sai warware shi. Kuma wutar da ke cikin tsagar ta ishe shi."

"To nauyin nan duka na mi ne?"

"Ƙarfen sanyaya shi ne. Yana cin wuta da yawa, yana zafi da yawa."

Armaya'u ya dubi tafin hannunsa. Ashe abin da hannunsa ya auna ƙarfen fifita ne. Kunya ta kama shi, amma tambaya ta fi ta ƙarfi. Ya tambaye ta ina sashen yake, girmansa nawa, yaya ake gane kati na da shi tun kafin a saya. Ta karanto masa haruffan da zai riƙa dubawa a jikin kwali, ya rubuta su da gawayi a bangon shago. Sai da katin wayarsa ya ƙare suka rabu.

Juma'a ya koma Katsina, ya musanya babban katin da ƙaramin, ya yi sallah a can, ya kamo motar da ke isowa kafin la'asar, don ba mai son yamma ta yi masa a hanyar nan. Ƙaramin katin a aljihun rigarsa ya zo. Ya zura shi a tsagar ya ji ƙas, ba waya, ba janareta. Ya buɗe bidiyon, saniyar ta sauke ƙafarta, ta shiga ruwa.

Daudu ya miƙe tsaye. "Wule ce! Tsaya, tsaya, koma baya!"

Suka bi bidiyon ɗigo-ɗigo. Duk inda saniya ta juyo da kai Daudu ya ce nan, Armaya'u ya tsayar ya buga. Tsaga biyu a kunnen dama, ƙahon da ya karye, farin goshi. Wata baƙa sau ɗaya tak ta juyo da kunnenta, sai da suka koma baya sau goma sha ɗaya suka kama ta. Kafin magariba takardu sun cika benci. Amma shida ne. Ta bakwai karsana ce da aka haifa bayan Sallar, ba ta cikin bidiyon ko kaɗan.

Asabar Armaya'u ya rufe shago ya bi Daudu. 'Yan kwamiti suka shiga cikin shanun da takardu a hannu, suna kama kunne suna gwadawa. Mutum biyun nan, ɗaya ya ce ya yi kuskure, ɗayan ya sulale. Aka ware shida. A kan karsanar aka daɗe ana magana. Daudu ya ce 'yar Wule ce, shugaban kwamitin ya ce ya yarda da shi a zuciya, amma ƙa'ida ɗaya aka shimfiɗa wa kowa, za ta zauna sai zama na gaba.

Daudu bai ja ba. Ya karɓi igiya, ya sa shanunsa shida a gaba. Sun kai bakin titi Armaya'u ya tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa ɗaukar karsanar a waya, ko da daga nesa.

"Akwai malamin allurar dabbobi da ya zo mana da kaka," in ji Daudu, yana tare wata da ta nufi kwata. "Ya yi ta ɗauke-ɗauke. A Safana yake."

"Gobe sai mu je, Baffa. Ni zan ja mashin."