Ƙayar da Ta Sauki Baƙo

Shekarar da Kaka ta zo wajenmu a garin Gaithersburg na ƙasar Amurka aka fara hura wuta a murhun da ke jikin bangon falonmu. Kafin zuwanta, Baba ya mai da shi wurin tara tsoffin jaridu, tunda gidan akwai na'urar ɗumama ɗaki. Kaka mahaifiyarsa ce, ta taso daga Funtuwa ta sauka cikin tsananin sanyi, kuma tun ranar farko ta ce ita ba ta yarda da ɗumin da ba a ganin wutarsa ba. Washegari Baba ya dawo daga aiki da ɗaurin itace a bayan mota.

Da an idar da sallar isha'i sai ta miƙe ƙafafu gaban wutar, ni da ƙanena Sadiƙ mu raɓe ta. Lokacin Hausa muna jinta ras, amma in za mu amsa Turanci ke riga ta fitowa. Kaka ba ta yi mana faɗa. Sai dai ta ce, "Ga ta nan a bakin ƙofa, sanyi take ji," wato tatsuniyar da za ta ba mu. Ba za ta ƙara uffan ba sai mun ce da Hausa, "Ta shigo mu ji ta."

Cikin tatsuniyoyinta akwai wadda ba na so, ita ce kuma ta fi zama a kaina. Wai a wani gari akwai manyan rimaye a bakin rafi, a gindinsu kuma wata 'yar ƙaya da ba mai kula ta. Ran nan Ciwo ya iso garin da yamma yana neman masauki. Rimaye suka ƙi shi. Ƙaya kuwa ba ta taɓa yin baƙo ba, sai daɗi ya kama ta, ta ce ya shigo. Ya yi mata alkawari ba zai taɓa lafiyarta ba, ya kuwa cika. Yana kwance ƙarƙashin ganyenta, in iska ta taso sai ya hau ta ya je ya kama rimi. Mutanen gari su sare wanda ya kamu, baɗi wani ya kamu. Har wata rana sarkin noma ya tsuguna ya dubi ƙaya ya ce, "Kowa a nan ya rame, ke kaɗai kike sheƙi. Wa ke ɗakinki?"

Nan Sadiƙ ya zabura. "Sai aka ƙone ta?"

"Kai dai da son ƙone-ƙone," in ji Kaka. "Ai ba mugunta ta yi ba, ɗan nan. Baƙo ta sauka, ba ta tambayi sana'arsa ba. An dai tuge ta har saiwa. Sarkin noma yana tugewa yana ba ta haƙuri."

Ni abin bai yi mini ba. In mai laifi ce, haƙurin na mene ne? In ba ta da laifi, don me aka tuge ta? Da na tambaya, Kaka ta tura itace cikin wuta ta ce, "Ki ajiye tambayar, ba ta ruɓewa."

Kaka ta koma gida ta rasu ina makarantar sakandare. Baba ma ya rasu bayan na yi aure, Mama ta ci gaba da zama ita kaɗai a gidan. A bayan gida akwai jerin bishiyoyin fayin, dogaye masu ganye kamar allura, waɗanda Baba ya dasa da hannunsa shekarar da muka tare. Mama takan zauna a baranda ta yi lazimi tana kallonsu.

Bara, da sanyi ya ja baya, ta kira ni a waya. "Hadiza, itatuwan Babanku ba su da lafiya."

Na je na ga rassa sun kumbura, ƙaro na tsiyaya a jikinsu, wani gari-gari mai launin ruwan lemo yana fita daga tsagin ɓawon. Na ɗauko wani masanin itatuwa. Ya duba sama kaɗan, sai ya shiga bin gindin shinge yana leƙe. Ya tsaya gaban wani ɗan tsiro da bai wuce ƙuguna ba, mai ƙaya a gindin kowane ganye, ganyen kuma kamar tafin hannun jariri. Ya ce sunansa guzberi, kuma nan gaba cikin bazara za mu ga ɗigo-ɗigo rawaya a bayan ganyen. Cutar ba ta iya tsallakawa daga fayin zuwa fayin, sai ta ya da zango a jikin wannan tsiro, sannan iska ta mai da ita kan bishiyoyin. Shi kansa ba ta yi masa wani abin kirki.

Na dubi Mama, don na san tsiron. Tsuntsaye ne suka kawo mana shi, ita kuma ta gano 'ya'yansa masu tsami, ƙanana kamar magarya. Shekara da shekaru da su take tsamama kununta in tsamiya ta yanke mata. Baba har tsokanarta yake, wai ta samo tsamiyar Amurka.

"Ba wata dabara sai cirewa?" ta ce in tambaye shi.

Ya ce babu, kuma in aka bar saiwa a ƙasa zai sake tohowa.

Mama ta sunkuya ta shafa ganyen tsiron. Can ta ce, "To. Amma ni zan fara sa masa shebur. Ya yi mini rana."

Muka jira aka yi ruwa ƙasa ta yi laushi. Sadiƙ ya zo daga garin Largo inda yake zaune, da safar hannu mai kauri, muka haƙa kewaye, muka bi kowace saiwa har ƙarshenta, muka ƙulle komai a buhu. Masanin ya datse rassan da suka kamu. Bishiya ɗaya cutar ta riga ta kai gangar jikinta, dole aka sare. Sauran sun tsira, bana har sun yi sabon toho.

Ranar da muke haƙar nan na ji Mama tana cewa ƙasa-ƙasa, "Ka yi haƙuri, ba laifinka ba ne." Ita ba ta ma san tatsuniyar ba, lokacin da ake yinta tana can wajen aikin asibiti. A nan na gane abin da ya gagare ni ina yarinya: ba duk abin da ake rabuwa da shi ne maƙiyi ba. Wani abin yana da daɗi, ya kuma yi maka alheri, amma zamansa kusa yana cin abin da ya fi shi. Sai a cire shi duka, ba tare da an tsane shi ba.

Ramin bai daɗe a buɗe ba. Da zafi ya shigo, Mama ta samo irin yakuwa wajen wata ƙawarta ta shuka a wurin. Makon jiya ta aiko mini da miyarta a kwano, ta ce in ɗanɗana in gaya mata ko akwai abin da ta rasa.